Shekarar da Kifin Tafkin Gawo Ya Rasa Tsutsa

Zafin bazarar bana ya kai inda in ka manta ludayi a rana, sai ka sa tsumma kafin ka ɗauke shi. Jiya da hantsi na aika a sayo mini kifi, aka kawo mini wannan na kwali mai ƙanƙara, wanda ko mai sayar da shi bai san ruwan da ya fito ba. Ina tsaga cikinsa gumi na ɗiga daga haɓata, sai ƙarnin da zafin suka haɗu suka mai da ni shekarar da aka karya darajar kuɗinmu, sefa, lokacin ina da cikin Hadiza, ina sana'ar bandar kifi a Sabon Gari.

Wannan bazara ta zo mana a tsaye. Mun kwana da kuɗinmu a ɗaure a bakin zane, muka tashi sun zama rabi. Shinkafa ta bar gidanmu, sabulu ya koma na ranar Juma'a. Tuwo sau ɗaya a yini, da rana sai farau-farau da kwaɗon zogale, in an samu ƙuli. Lakwal, wato makarantar boko, a rufe, ma'aikata na yajin aiki, maigidana Malam Idi, da yara ke ce wa Mushe, wato malamin lakwal, yana zaune a zaure yana fifita da tsohon littafi. Amma garin bai yi shiru ba. Kowace ƙofa da tutar jam'iyyarta, motoci na yawo da lasifika, mai shayi da mai faci duk sun zama masu fashin baƙin siyasa. Cikinmu ba komai, bakinmu a cike.

Kifi ne ya riƙe gidan. Da an sallame asuba sai ka ji ƙarar keken Ɗan Jimma, masuncin da ke kawo mini kaya, da kwandonsa a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Malam ya faskara itace, ni in hura wuta a ƙarƙashin rabin tano, wato durom, mu shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya mu fara gyara. Mu biyu ke gyaran, ni da Gwaggo Hajo, yayar mahaifina, wadda ta taso daga Tibiri don ta zauna da ni har in sauka. Ɗiyar masunta ce, tun ba ta iya ɗaura zane ba take riƙe da wuƙar kifi.

Duk wanda ya taɓa gyaran kifin Gulbi ya san ba shi kaɗai yake zuwa ba. Cikin tarwaɗa akwai wata farar tsutsa da ke naɗe kamar zare. Ƙarƙashin kunnen karfasa akwai wata rawaya, kamar ƙwayar dawa. A jikin fata kuma ga kwarkwatar kifi, shafaffiya, tana manne. Mu kankare, mu watsa wa kaji, abin da ya rage wuta ta gama da shi. Ni dai na tsane su. Suna ci mini lokaci, kuma in mai saye ya ga ɗaya sai ya yamutsa fuska ya wuce.

Da kududdufan Gulbi suka ƙafe, Ɗan Jimma ya koma wani tafki da ke bayan gonakin rani na Jiratawa, wanda ake kira Tafkin Gawo. Ranar da ya fara kawo kifin can, na tsaga na farko, fes. Na biyu, fes. Na gama kwando guda ban ga tsutsa ko ɗaya ba. Na miƙe da cikina ina rawa a tsakar gida.

"Malam, fito ka gani! Allah ya kawo mana kifin Makka!"

Kafin kwana uku labari ya zaga unguwa. Ƴan kabu-kabu, masu haya da babur, suka riƙa tsayawa ƙofar gida suna cewa a ba su na Rakiya, mai tsabta. Matan alhazai suka fara aiko da kwanoni. Ranar nan har shinkafa na dafa, da mai, Malam ya ci yana lumshe ido. Ba na jin na taɓa yin farin ciki da sana'ata kamar wannan makon.

Gwaggo kuwa ba ta taya ni murna ba. Tana gyara, tana juya kowane kifi, tana leƙa kunnensa, tana shafa bayansa da babban yatsa. In an zuba abinci sai ta ture kifin gefe ta ci tuwonta gaya. A rana ta tara ta ajiye wuƙa.

"Rakiya, ki daina cin kifin nan. Kuma ki daina sai da shi."

Na zaci wasa take. "Haba Gwaggo, mi ya yi?"

"Ba abin da ya yi. Abin da babu gare shi ne ya dame ni. Tun ina ƴar ƙarama nike buɗe cikin kifi, ban taɓa ganin kwando tara a jere ba baƙo ko ɗaya ba. Gidan da ko ɓera ya ƙi shiga, ki tambayi lafiyar masu gidan."

"To ba tsabta ba ce?"

"Ruwa mai rai ba ya rasa ƙazanta, ɗiyata. In tsutsa ta yi yawa har ta rufe kunnen kifi, ruwan ya ruɓe, ya kwana da kashin shanu. In tana nan jefi-jefi, lafiya lau. In babu ko ɗaya, wani abu ya kashe ta. Abin da ya kashe ta kuwa, kifin nan ya sha shi, ke ma kin ci, da ke da abin da ke cikinki."

Na dafa cikina. Raina ya ɓaci, har na ce mata tsufa ne. Malam da ke faskare ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ya tsaya da gatari a hannu, sai ya shiga ɗaki ya fito da wani gilashi mai mariƙi da yake koya wa yara da shi, wanda ke mai da tururuwa kamar fara.

"Gwaggo, ki bari mu gwada," ya ce. "A kawo mana kifin wani ruwa mu aza su gefe da gefe."

Washegari ya hau keken aro ya tafi Tibiri, ya dawo rana tsaka, leɓensa a bushe, da kifi a jiƙaƙƙen buhu daga wani gurbi da bai ƙafe ba. Muka ajiye faifai biyu. Wata biyu ke nan ban ga idon Malam ya yi haske irin na ranar ba. Ya durƙusa a tabarma da gilashinsa, Gwaggo na tsagawa, yana leƙawa, yana ihu kamar yaro.

"Ga ta! Ga wata! Rakiya, zo ki ga, tana motsi!"

Na Tibiri kusan kowanne da baƙonsa. Na Tafkin Gawo, wayam. Malam ya zauna ya ce ya tuna abin da ya karanta: wannan rawayar tsutsa ba ta iya rayuwa da kifi kaɗai. Sai ta fara zama cikin katantanwa, ta fito ta shiga kifi, zalɓe ya haɗiye kifin, ta yi ƙwai a maƙogwaronsa, ƙwan ya koma ruwa. In ɗaya cikinsu ya ɓace, ita ma ta ɓace.

"Ashe littafin naka ya san wani abu," in ji Gwaggo.

Sai ta jawo wata ƙatuwar tarwaɗa ta Tafkin Gawo, tsohuwa mai gashin baki, ta tsaga. Can cikin kitse ga farar tsutsa guda biyu a naɗe. Na yi tsalle na ce to ga shi, ashe akwai. Gwaggo ta girgiza kai.

"Wagga tsohuwa ce, ta kwaso nata tun ruwan na lafiya. Ƙananan, ƴan bara da bana, su ne ba su samu ba. Ke nan abin bai wuce damina biyu da farawa ba."

Malam ya tafa hannu har kaji suka watse. "Gobe sai Jiratawa!"

Aka ce in zauna saboda cikina, na ce ko a kan jaki ne sai na je. Muka ɗauki kabu-kabu uku. Gwaggo ba ta taɓa hawa babur ba. Ta ƙanƙame mai tuƙin, tana salati da ƙarfi tun daga Sabon Gari har muka fita gari, shi kuma yana cewa, "Inna, sassauta, numfashina!" Na yi dariya har hawaye, iska mai zafi na dukan fuskata kamar an buɗe murhu.

Dariyar ta tsaya a bakin tafki. Ɗan Jimma na nan da komarsa, ya tarbe mu yana mamaki. Ruwan a kwance, gwanin kyau, har kana ganin ƙasansa. Gwaggo ta ɗaga hannu ta ce mu saurara. Muka saurara. Ba kukan kwaɗo, ba zalɓe ko ɗaya a tsaye, ba mazari a kan ruwa. Da muka taka laka sai ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Na duƙa na ɗebo. Kwanson katantanwa ne, fari fat, duk ba kowa a ciki.

"Ɗan Jimma, yaushe rabonka da ganin matsattsaku ya kama maka ƙafa a nan?" in ji Gwaggo.

Ya sosa ƙeya. "Wallahi Inna, ni har godiya nike yi."

Muka bi gefen ruwan ta gabas, wajen da ya yi iyaka da gonaki. Tun kafin mu isa wari ya tarbe mu, kamar kananzir da aka haɗa da tafarnuwa. Ga bido-bido, wato jarkoki, na maganin ƙwari a zube, babu ko rubutu a jikinsu. Ga wani mutum a tsugune yana ɗauraye injin feshi, farin kumfa na bin ruwa. Kwana tara ina cin wannan, ina ciyar da rabin unguwa.

Aka kai mu wurin Malam Na-Allah, dattijon da ke shugabantar manoman wajen. Ya saurare mu da kyau har maigidana ya kai ƙarshe, sai fuskarsa ta canza.

"Mushe, faɗa mini gaskiya. Wace jam'iyya ta turo ku? Don na san masu son a ce manoman Jiratawa sun yi ɓarna."

"Baba, ba wanda ya turo mu," in ji Malam.

"Ruwan kanal da ke shayar da gonakinmu yanzu sai an yi rabo, kwana biyu a ba ka, kwana huɗu a hana. Wanda bai ishi tumatir ba, da shi za mu wanke inji? Shekara biyu muna wankewa a tafki, ba wanda ya mutu. Kifin ma kun ce ya fi kyau."

Gwaggo ta gyara lulluɓinta. "Malam Na-Allah, ni jam'iyyata wuƙa. Ka tara mini mutanenka, in nuna musu abin da na gani. In sun ce ƙarya ne, in koma Tibiri da ƙafa."

Lokacin taro ne. Ko akuya ta ɓata sai an kira mutane an ba kowa dama ya yi magana. Malam Na-Allah ya yarda, aka sa ranar Asabar da hantsi.

Da muka dawo gida akwai kwando guda na bandar da na gama, ja-wur, mai na ƙyalli a jikinta. Malam ya haƙa rami a bayan ɗaki. Ni na zuba da hannuna, ina kuka, ƙamshin na shiga hancina, cikina na ƙugi. Sannan na bi gida-gida na faɗa wa masu sayena abin da ke nan. Wasu suka gode, wata ta ce ai dama ta san tsabtar nan ba ta Allah ba ce, alhali ita ta fi kowa aiko da kwano. Malam ya kai ni asibiti, aka duba, aka ce abin cikin na motsi lafiya, in dai kiyaye.

Ranar Asabar gindin gawon da ke bakin tafkin ya cika. Manoma, masunta, Fulani masu shayar da shanu, mata masu wanki. Rana ta take, ƙudaje na bin gumi. Gwaggo ta zauna a tsakiya da faifanta biyu. Ba ta yi dogon bayani ba. Ta tsaga na Tibiri, ta ɗaga tsutsar a kan wuƙa kowa ya gani. Ta tsaga na tafkinsu, ta buɗe shi kamar littafi, ta miƙa. Gilashin Malam ya riƙa yawo hannu zuwa hannu, dattawa na ture juna.

"Kai, ba ni in gani!"

"La ilaha, har baki gare ta!"

Wani saurayi ya ce shi dai bai ga laifin kifi marar tsutsa ba. Sai wani Bafillace mai suna Jaɓɓo ya miƙe, ya jingina da sandarsa. Ya ce shanunsa biyu sun yi ɓari bana, kuma a nan suke sha, ya ɗauka maita ce har ya yi faɗa da maƙwabcinsa a kai. Wata mata ta ce hannuwanta na saɓulewa duk ranar da ta yi wanki ta gabas. Kowa ashe yana da guntun labarinsa, bai dai san na wani ba.

Ban san lokacin da na tashi ba. Ni da ban taɓa magana gaban maza uku ba, na tsaya da cikina gaban taro.

"Ni ce mai bandar Sabon Gari. Ba wanda ya ci ribar kifin nan kamar ni. Na binne kwando guda ina jin yunwa. Ban zo in ce wani ya yi da gangan ba, ni ma da hannuna na ciyar da mutane. Amma yanzu mun sani."

Na koma na zauna. Malam Na-Allah ya miƙe tsaye. Sannan ya ce wanda ya yarda da shawarar nan ya ɗaga hannu. Za a haƙa rami nesa da ruwa, can kan tudu, a riƙa ɗibar ruwa a bido ana wanke inji a can. Tafki kuma a bar shi, ba kamun kifi, ba shayarwa ta gabas, har damina biyu su wanke shi. Hannuwa suka tashi kamar karan dawa, har da na Ɗan Jimma, wanda abincinsa ne ya tafi. Na jefa ƙuri'a a akwati kafin nan da bayan nan, amma ba wadda na ji har cikin ƙashina kamar wannan. Kafin la'asar an fara haƙa. Malam ya tuɓe rigarsa ta lakwal ya karɓi shebur, Gwaggo na zaune tana ba da umarni kamar ita ta gina garin.

Makonnin da suka biyo sun yi tsanani. Ɗan Jimma ya koma gurbin Tibiri, yana kawo ɗan abin da bai cika tafi biyu ba. Muka koma kunu safe da yamma. Sama ta yi ta haɗa hadari tana watsewa, zafi ya danne gari har numfashi sai ka nema. Sai wata Laraba da azahar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta kaɗa dalbejiya, aka saki ruwa kamar da bakin ƙwarya. Muka fita tsakar gida muka tsaya a ciki, har Gwaggo. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ko'ina. Bayan kwana kaɗan aka yi ta kira a titi cewa Gulbi ya iso, mutane suka ruga kallo. Ya zo ja, yana tafe da itatuwa, ya haye gaɓa ya shiga Tafkin Gawo ya fita ta ɗaya gefen. Cikin wannan damina na haifi Hadiza, da yatsunta cif, da muryar da ta tashi maƙwabta. Da na yi arba'in Gwaggo ta koma Tibiri.

Damina ta biyu ma ta yi kyau. Kafin bazara ta zagayo sojoji sun sake karɓar mulki, an sauke tutoci, masu shayi sun koma zancen ƙwallo. Amma ramin kan tudu na nan, ana wanke inji a cikinsa, don ba gwamnati ta haƙa shi ba.

Wata safiya Ɗan Jimma ya faɗo gidan ko sallama bai gama ba, da ƴar karfasa guda a cikin ƙwarya.

"Rakiya, zalɓe uku na gani a Tafkin Gawo! Wannan ƴar bana ce. Ban buɗe ba, tsoro nike ji."

Na ɗauki wuƙa, na ajiye. Malam ya ce ba mu ne za mu buɗe ba. Na goya Hadiza, muka hau kabu-kabu, ƙwarya a cinyata, ruwa na fantsama a zanena har Tibiri.

Muka tarar da Gwaggo a inuwar rumbu. Idonta ya yi rauni sosai a lokacin, sai da na yi magana ta gane ni. Na sa mata kifin a hannu, na faɗa mata daga inda ya fito. Ba ta nemi wuƙa ba. Ta ɗaga kunnen da farce, ta zura ɗan yatsa a hankali, tana lalube. Sai na ga yatsan ya tsaya. Ta zaro shi, ga ƴar rawayar aba a kai, kamar ƙwayar dawa, tana miƙa tana naɗewa.

Gwaggo ta kama hanci ta rangaɗa guɗa. Tsohuwa mai shekara kusan tamanin, amma sai da tantabaru suka tashi daga kan rumbu. Ni ma na kama, Ɗan Jimma na tsalle, Malam na ta cewa a ba shi ya gani. Mata suka fara shigowa da gudu ta kowace ƙofa, wata da muciya a hannu, wata ɗankwali a kafaɗa.

"Hajo, lafiya? Wa ya haihu?"

Gwaggo ta ɗaga yatsanta sama, tana dariya da bakinta marar haƙori.

"Tafki ne ya haihu. Ku zo ku yi barka."